Yaran 'Yan Gudun Hijira A Jihar Neja: Cika Ciki Dabam, Gina Jiki Dabam

A cikin watan Afrilu na 2021 ne mutanen Minna suka wayi gari suka tarar makarantar firamare ta IBB ta cika maƙil da baƙi. Yawancinsu mata ne da yara da tsofaffi daga ƙananan hukumomin Shiroro da Munya, waɗanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu. A wurin ne Gwamnan jihar na lokacin, Alhaji Abubakar Sani Bello, ya shaida wa manema labarai cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a Kaure. Maganar tuta ta game ƙasa, amma akwai tambayar da ba ta sami masu yi da yawa ba, watau me yaran da ke goye a bayan matan nan suke ci?

Rumbu Ya Zama Kango

Kowa ya sani Jihar Neja rumbu ce. Doyar Shiroro da Munya takan cika kasuwar Gwada, ƙasar Rafi da Mariga kuwa ta dawa ce da masara da gyaɗa da dabbobi. Sai dai waɗannan ƙananan hukumomi suna bakin iyaka da jihohin Kaduna da Zamfara, dazuzzukansu kuma sun haɗe da na Birnin Gwari, inda miyagu ke da maɓoya. Duniya ta ji labarin ɗaliban da aka sace a Kagara cikin Fabrairu na 2021, da na Islamiyyar Tegina cikin Mayu na wannan shekara. Abin da ba a cika bugawa ba shi ne manomin da aka kore wa shanu, aka ƙone masa rumbu, ko aka ce sai ya biya haraji kafin ya girbe gonarsa.

In saniya ta tafi, nono ya tafi. In aka sayar da kaji da awaki don kuɗin fansa, ƙwai da nama sun tafi. Iyali sai su tsinci kansu a ajin makaranta a Kuta ko Gwada ko Minna, suna jiran buhun shinkafa ko masara na agaji. Babba zai rayu a kan wannan, ya kuwa gode Allah. Yaron da bai kai shekara biyu ba lissafinsa dabam ne.

Yadda Tamowa Ke Shiga

Cikin yaro ƙarami ne, ba ya ɗaukar abinci mai yawa a zama ɗaya, alhali jikinsa da ƙwaƙwalwarsa suna cikin ginuwa. Idan abin da yake samu bai wuce koko tsararo ba, cikinsa zai cika, jikinsa kuwa yana ramewa. Ga cunkoso da rashin ruwa mai tsabta, sai gudawa da ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro su biyo baya. Ciwo ya hana shi ci, rashin ci kuma ya buɗe wa ciwo ƙofa. Sau da yawa uwar da ta sha gudu da firgita takan ga kamar nononta ya ƙafe, sai ta yaye ɗan da wuri, alhali kuwa yawan ba shi mama shi ke sa nonon ya dawo.

Tamowa iri biyu ce. Akwai wadda yaro ke ƙanjamewa ya koma fata da ƙashi. Akwai kuma ta kumburi, wadda ƙafafu ke kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi. Wata likita, Cicely Williams, ita ta shigar da sunanta kwashiyoko cikin littattafan likitanci a 1935, daga harshen Ga na ƙasar da yanzu ake kira Ghana. Dattawanmu sun ga hotunanta lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Bayan waɗannan akwai tsumburewa, wadda ba ta da hayaniya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijeriya sun tsumbure. Abin da yaro ya rasa a kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cika shekara biyu, da wuya ya mayar da shi.

Darasi Daga Maraɗi Da Katsina

Maƙwabtanmu na bakin iyakar Nijar sun riga mu shiga wannan hali, akwai kuwa abin koyi a wurinsu. A yunwar 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara fiye da 60,000 magani a Nijar, akasarinsu a yankin Maraɗi, da wani ƙunshin gyaɗa da madara da mai da sukari mai nauyin giram 92. Uwa ce ke ba ɗanta a gida, sai wanda ciwo ya yi wa tsanani ake kwantarwa. Amma magani ba ya amfanar wanda aka kawo a makare. Ƙungiyar ta ba da sanarwar cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon 2025.

Gane ciwon kuwa ba wuya. Akwai wani ɗan tsiri mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro. In awon ya gaza santimita 11.5, watau ya faɗa kan ja, yaron yana cikin haɗari, sai asibiti. Kowace uwa tana iya koyon wannan ko da ba ta taɓa shiga aji ba.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Kira na farko ga hukuma da masu hali: in za a kai agaji, a tuna da masu goyo. A haɗa da wake da gyaɗa da waken suya da manja da busasshen kifi, domin a dama wa yaro kunu mai kauri, a sa masa zogale da daddawa a miya, ya ci sau da yawa a yini. A kai allurar ƙyanda da ɗigon bitamin A har inda 'yan hijira suke, a kuma nemi waɗanda suka rakuɓe a gidajen dangi cikin Minna, don su lissafin sansani ba ya ganinsu. Limamai da fastoci da ungozomai su riƙa tunatar da mata cewa nonon uwa zalla ya wadatar har wata shida.

Duk da haka, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Agaji na ɗan lokaci ne. Ranar da manomin Shiroro ya koma gonarsa ba tare da fargaba ba, ranar ce ɗansa zai koma cin abin da ya dace da shi. Kafin ta zo, yaron da aka haifa a sansani bana ba zai dakatar da girma ya jira ta ba. Allah ya kawo mana zaman lafiya, amin.