Gyaran Gida a Bazara

Shekara kashi huɗu ce a ƙasarmu: damina, da kaka, da rani, da bazara. Kowane kashi da aikinsa. Damina ta noma ce, kaka ta girbi, rani na fatauci da sana'a. To, bazara fa? Waɗansu su kan ce ba ta da aiki sai neman inuwa da shan ruwan randa. Ba haka ba ne. Bazara ita ce lokacin gyaran gida. Wanda ya yi sakaci da gidansa a bazara, shi zai kwana a tsaye da damina yana tarar yoyo da kwanoni.

A nan Kaduna zafi ya kan tsananta cikin watan Maris. Cikin Afrilu a kan fara ganin hadari. Kafin Mayu ya ƙare ruwa ya zauna, ba ya ɗaukewa sai Oktoba. Ruwan da a ke yi mana a shekara ya kan wuce mita 1, watau da ba ya gudu kuma ba ya nutsewa, da ya kai wa babban mutum ƙugu. Duk ruwan nan a kan rufinmu da jikin bangonmu zai sauka. Ashe kwanakin shiri ba su da yawa.

Akwai dalili uku da ya sa bazara ta fi dacewa da aikin. Na fari, babu ruwan da zai wanke sabon yaɓe kafin ya kama. Na biyu, hunturu ya wuce, ƙurarsa ba za ta ɓata farar ƙasa ko fenti ba. Na uku, da yawa cikin leburori da magina 'yan cin rani ne. Da ruwan shuka ya sauka za su koma gonakinsu, wanda ya rage kuwa sai ya ƙara kuɗin aikinsa.

A kasuwa

Kaduna ba tsohuwar alkarya ba ce kamar Zariya ko Kano. Turawa suka kafa ta a bakin kogi, inda hanyar jirgin ƙasa ta ƙetare, suka dawo da hedkwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917. Gwarawa suna wurin tun da. Sauran jama'a suka yi ta zuwa daga ko'ina, kowa da sana'ar garinsu. Shi ya sa in ka shiga Babbar Kasuwar Kaduna, kusa da titin Ahmadu Bello, wadda aka sa wa sunan Shaihu Abubakar Gumi bayan rasuwarsa a 1992, za ka ga kayan gida iri iri. Ga tabarmi da faya-fayi da mafitai, ga labule da ledar ɗaki, ga kwanoni da tangaran, ga fenti launi launi. Kayan ƙarfe kuwa, kamar ƙofa da taga da indararo, maƙeran Panteka sun shahara da su.

Nan ne ido ya ke yaudarar mutum. Ya fito da kuɗin ƙusa, ya koma da labule. Saboda haka tun daga gida mu tsara aikin bi da bi: rufi tukuna, sa'an nan bango, sa'an nan ƙasa da hanyar ruwa, ado kuwa daga ƙarshe. Maigida da uwargida su zauna tare su ƙidaya abin da a ke bukata, su auna tsawo da faɗi, kafin kowa ya taka kasuwa.

Rufi

Ruwan farko ba ya zuwa shi kaɗai, da iska ya ke zuwa, iskar kuwa ta kan fi ruwan ɓarna. In rufin kwano ne marar silin, maigida ya shiga ɗaki da tsakar rana, ya rufe ƙofa da taga, ya ɗaga kai. Duk inda haske ya shigo kamar tauraro, nan ruwa zai bi. A toshe wurin da kwalta. In akwai silin, tabon ruwan bara zai nuna wurin. Ƙusar da ta saki a sake ta. Katakon da gara ta ci a canja shi. A ɗaure katakon rufi da bango da langalanga ko waya mai kauri, gama in iska ta sami shiga ƙarƙashi, rufin duka ta ke yayewa. Ɗora duwatsu a kan kwano ba gyara ba ne. Iska ta kan jefo su ƙasa, inda yara su ke.

In soro ne, azarar giginya tana da ƙarko, gara ba ta cika cinta ba. Amma ƙasar da ke bisanta tana zaizayewa kowace damina. A hau a share, a ƙara ƙasa, a gyara gangare yadda ruwa zai nufi indararo. Indararo kuma ya zama mai tsawo, ya zubar da ruwa nesa da gindin bango.

In jinka ce, a sauke bunu, a yi yantar sabon shuci, a kira maƙwabta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yau an taya ka, gobe ka taya wani.

Bango

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ya ke samun wurin shiga. Inda ƙadangare ya shiga, ruwa ma zai shiga. Ruwan da ya shiga tsaga ya kan jiƙa tubali daga ciki, bango yana tsaye a ido alhali cikinsa ya yi laushi, har ran da zai kwanta. Yawancin irin wannan rushewa cikin Agusta da Satumba ta ke faruwa, sau da yawa da dare, mutane suna barci. Saboda haka a zaga gida a duba kowace tsaga. A buɗe ta kaɗan, a yayyafa ruwa, a cika ta da ƙasar da aka cuɗa da ciyawa. A duba gindin bango musamman, domin nan ruwa ya fi ci. In ya zaizaye a yi masa dakali.

Kakanninmu sun san maganin ruwa. Ɗorawa tana nuna a bazara, daidai lokacin da a ke bukatarta. Garinta a sha, kalwarta a yi daddawa, ɓawonta kuwa a jiƙa a sami makuba. Makuba in an gauraya ta da ƙasar yaɓe ta kan ƙara mata tauri, ruwa ba ya saurin cinta. Wanda ya fi ta shi ne laso. Da katsi a ke yinsa, watau abin da a ke kwasowa daga gindin karofi a ƙona, a haɗa da gashin awaki daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi. Soron da aka yi wa laso ya kan yi shekaru bai nemi gyara ba.

Kada wani ya raina ginin ƙasa. Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Da ƙasa da azara ya gina shi. Daga baya an yi sabon gini an lulluɓe shi, ginshiƙansa na ƙasa da bakan gizonsa suka yi shekaru masu yawa a tsaye. Ƙasa ba ta tsufa da wuri, in dai an tsare ta daga ruwa.

Yanzu mu kan shafe bangon ƙasa da siminti. Yana da kyau, amma akwai abin lura. Ƙasa ta kan kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe, siminti kuwa ba ya bin ta. Shi ya sa ya kan ɓamɓare. A ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa. Inda ya yi ƙara kamar ganga, ya rabu da ƙasa, a fasa wurin a sake. In an kafa ƙusoshi ko ragar waya a jikin bango kafin shafe, ya fi kamawa. A yi aikin da safe ko da yamma, a riƙa yayyafa masa ruwa har kwana 7. Simintin da rana ta busar da gaggawa ba shi da ƙarfi.

Daɓe da hanyar ruwa

Daɓe aikin mata ne tun da. A baza tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwa, matan unguwa su taru da madaɓai suna bugu suna waƙa, uwargida ta dama musu kunu ko fura. In ya daɓu a zuba makuba, ya yi jawur ya yi santsi. Ɗakin da ke da daɓe mai kyau, ko na ƙasa ko na siminti, yana da sauƙin shara, kunama da kiyashi ba su samun ramin ɓuya. A bazara kunama ta fi fitowa, ga shi kuwa lokacin ne iyali su ke shimfiɗa tabarma a tsakar gida da dare, yara suna jin tatsuniya. A kakkaɓe tabarma da takalmi kafin a yi amfani da su.

Tsakar gida ta zama da gangare zuwa kwata. Kwata kuma a yashe ta tun ba ta cika ba, a fid da leda da shara, kowa ya gyara ta ƙofar gidansa. A 2012 ambaliya ta yi ɓarna a wurare da yawa na Nijeriya, har da unguwannin da ke bakin Kogin Kaduna. Kogi ba mu da iko da shi, amma kwatar unguwa tana hannunmu. Ramin da aka haƙi ƙasar yaɓe a cike shi. Fasasshiyar tukunya da gwangwani da tsohuwar taya a kawar da su. Sauro a ruwa kwantacce ya ke ƙwai, cikin kwana 10 ko ƙasa da haka ya tashi, shi ne kuwa mai kawo zazzaɓi. Gidan sauro in ya yage a ɗinke shi yanzu.

Ado

In waɗannan sun kammala, to, sai ado. Mafi araha farar ƙasa ce. Tana haskaka ɗaki, a waje kuma farin bango ba ya ɗaukar zafi kamar mai duhu. Waɗansu su kan ja layin shuni ko na jar ƙasa a gindi, inda ƙafa da tsintsiya su ke taɓawa. Masu hali su kan sa a yi musu zane a fuskar zaure. Tun ran gini tun ran zane, in ji Hausawa, domin magini da hannu ya ke fid da shi tun yaɓe yana ɗanye. A Zariya an ga dagi da takobi a jikin gidaje, daga baya aka ƙara keke da agogo da mota.

Cikin ɗaki kuwa jere ne adon mace. Da ƙorai da akusa a ke jerawa, sa'an nan tasoshi suka shigo, sa'an nan kwanonin langa masu fure, yau kuma tangaran cikin kabad. Bayan hunturu sai uwargida ta sauke su duka, ta wanke, ta share bayansu inda gizo-gizo da kyankyaso su ke ɓuya, ta mayar. 'Yan mata su saƙa sabon faifai da mafici da kaba mai rini. Wannan ado ne da ba ya cin kuɗi, yarinya kuma ta koyi sana'ar da za ta amfane ta. A shekarun 2023 da 2024 da 2025 ƙaramar Salla ta faɗo cikin bazara, mutane suka haɗa gyaran damina da kwalliyar Salla. Amma kada a ci bashi domin labule alhali rufi yana yoyo. In kuma za a sayi fenti ko kwanon rufi, a tuna araha ba ta ado.

Iska da ruwan sha

Ado ɗaya ne ba mu so, shi ne wanda ya toshe taga. Kada kabad ko labule mai kauri ya hana iska shiga. Lokacin zafi da ƙura shi ne lokacin sanƙarau, kuma ya fi yaɗuwa inda mutane da yawa su ke kwana a ƙuntataccen ɗaki. A 1996 ya kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, yawancinsu a Arewa. Alamunsa zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da amai, da sanƙarewar wuya. In an ga haka a tafi asibiti nan da nan, kada a kwana. Akwai allurar rigakafi, a kai yara in an yi shela.

Randa ma kayan bazara ce. Jikinta yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa ya kan tsattsafo ta nan, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi, na ciki ya yi sanyi. Saboda haka kada a shafa mata fenti ko siminti. A ajiye ta a inuwa inda iska ke bi, a rufe bakinta, a ware mata moɗa ɗaya mai tsabta. Da wannan hikima wani malami a Jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya. A sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Tumatir da tattasai da alayyafo su kan yi kwanaki a ciki ba su lalace ba. Ya sami kyautar Rolex saboda wannan a shekarar 2000. Kowace uwargida tana iya yin ta da tukwane biyu.

Jama'a, aikin nan na gida duka ne. Maigida ya hau rufi, uwargida ta kula da ɗaki da randa, samari su yashe kwata, yara su kwashe shara. Wanda ba shi da halin yin duka bana, ya yi rufi da bango, ado ya jira kaka. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kai mu damina lafiya, ya sa ta zama mai albarka.