Yadda ake zaɓen manyan faifan ajiya masu sauƙin kuɗi don rumbun bayanai na ofis

Makarantu, asibitoci, gidajen rediyo da masu ɗaukar hoton biki suna ƙara komawa ga na'urar da ake kira NAS, wato akwatin da ake jera faifan ajiyar bayanai a cikinsa, a haɗa shi da dukkan kwamfutocin ofis. Galibin kuɗin wannan aiki a kan faifan yake tafiya, kuma a nan ne mai saye ya fi yin kuskure, domin faifan da ya fi arha a kanti sau da yawa shi ne ya fi tsada bayan shekara uku.

Kamfanoni uku ne suka rage a duniya masu ƙera irin wannan faifai: Seagate, Western Digital da Toshiba. Kowannensu yana da ajin kwamfutar tebur, da ajin NAS, da ajin manyan cibiyoyin bayanai. A ajin NAS akwai IronWolf da WD Red Plus da N300, a na manyan cibiyoyi kuwa akwai Exos da Ultrastar. Faifan tebur an yi shi ne don aikin wasu sa'o'i a rana, ana kiyasta masa karatu da rubutu na terabayit 55 a shekara. IronWolf da Red Plus an yi su don aiki dare da rana, suna ɗaukar terabayit 180 da garantin shekara uku, Exos kuma terabayit 550 da garantin shekara biyar.

Kafin a tambayi farashi, a fara tambayar yadda faifan yake rubutu. Akwai tsarin CMR, inda kowane layin bayani yake zaune a gurbinsa, akwai kuma SMR, inda layukan suke hawa kan juna kamar jerin kwanon rufi. SMR yana ba da ƙarin wuri da rangwamen kuɗi, amma gyara layi ɗaya yana tilasta sake rubuta maƙwabtansa, sai gudu ya faɗi ƙasa idan aiki ya yi yawa. A shekarar 2020 an gano cewa wasu faifan WD Red masu terabayit 2 zuwa 6 SMR ne ba tare da an bayyana ba, kuma bayan ƙorafin masu saye kamfanin ya ware na CMR da sunan Red Plus. Don NAS, CMR ya kamata a saya.

Sai lissafin kuɗi. Ma'aunin gaskiya shi ne farashin kowane terabayit da za a iya amfani da shi, ba wanda aka rubuta a kwali ba. Faifai biyu masu terabayit 16 a tsarin RAID 1, inda ɗaya yake kwafin ɗaya, suna ba da terabayit 16 ne kawai. Faifai huɗu masu terabayit 8 a tsarin RAID 5 suna ba da 24, a RAID 6 kuma 16, sai dai shi RAID 6 yana jure mutuwar faifai biyu a lokaci guda. Haka nan kwamfuta tana ƙirga wuri da wani ma'auni dabam, don haka faifan terabayit 16 zai nuna kimanin 14.5. Wannan ba ha'incin ɗan kasuwa ba ne. Mai saye ya raba jimillar kuɗi da wurin da ya rage, sannan ya sake rabawa da shekarun garanti.

Girman faifai yana da nasa haɗari. Idan ɗaya ya mutu aka sa sabo, na'urar za ta karanta sauran daga farko har ƙarshe don ta maido da abin da ya ɓace. A faifan terabayit 16 wannan kan ɗauki kusan yini da kwana, ko fiye idan ana aiki a kansa. Idan wani ya sake mutuwa a wannan tsakani a RAID 5, komai ya tafi. Shi ya sa ake fifita RAID 6 idan faifan manya ne kuma suna da yawa.

A kasuwanni irin su Computer Village ta Ikeja ana samun faifan da aka yi amfani da su a farashi mai jan hankali. Kowane faifai yana riƙe da bayanin lafiyarsa da ake kira SMART, wanda ke nuna sa'o'in da ya yi yana aiki da gurbin da suka lalace. Amma ana iya goge wannan lissafi, saboda haka a shigar da lambar faifan a shafin kamfanin da ya ƙera shi don tabbatar da garantinsa kafin a biya. Hausawa na cewa arha ba ta ado.

Yanayin ƙasarmu ma yana cikin lissafi. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu na iya lalata bayanai, don haka na'urar UPS wajibi ce a kasafin kuɗi. Zafi da ƙurar hunturu suna rage kwanan faifai. A ajiye akwatin inda iska ke shiga, a riƙa share fankarsa.

RAID kuma ba ya maye gurbin kwafin ajiya. Gobara, sata, ko goge fayil bisa kuskure suna shafar dukkan faifan da ke cikin akwati ɗaya. Ƙa'idar da masana suka saba bi ita ce kwafi uku, a kan nau'in ma'adana biyu, ɗaya a ajiye a wani gini dabam. Ofishin da kuɗinsa bai kai ba, gara ya rage girman faifan da zai saya ya ware kuɗin wannan kwafi, da ya tara sakamakon ɗalibai ko fayil ɗin marasa lafiya na shekara goma a wuri guda.