JIRGIN SAMA MAI LINZAMI: YADDA AKE DAIDAITA MASA GUDU

A ƙasashen Turai da Amurka, ran Asabar ko Lahadi da hantsi, akan ga wani abin mamaki a filayen bayan gari. Mutum ne tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili, sau da yawa ma dattijo mai furfura, ya miƙa hannu ɗaya yana juyawa a hankali kamar mai wana majajjawa, ga kuwa wani ɗan jirgin sama wanda faɗin fikafikansa bai wuce mita ɗaya da rabi ba yana kewaya shi a guje. Ba da rediyo yake sarrafa shi ba. Waɗansu wayoyin ƙarfe ne guda biyu, sirara kamar zaren ɗinki, suka tashi daga mariƙin da ke hannunsa suka shiga fiffiken jirgin na hagu. In ya karya wuyan hannunsa sama, waya ɗaya ta ja, jirgi ya hau. In ya karya ƙasa, ɗayar ta ja, jirgi ya sunkuyo. Linzami ke nan, sai dai dokin na sama ne.

Wasan ya daɗe. Wani Ba'amurke mai suna Oba St. Clair, mutumin Jihar Oregon, ya tashi irin wannan jirgi tun cikin shekarun 1930. Amma Jim Walker na birnin Portland shi ya cika kasuwa da shi, da wani jirginsa da ya sa wa suna Fireball a 1940, har ya yi rajistar dabarar da sunansa. Aka yi ta ja-in-ja sai da magana ta kai kotu, kotu kuwa ta soke rajistar a 1955 domin St. Clair ya riga shi. Yanzu ƙungiyar wasannin sama ta duniya, watau FAI, wadda aka kafa a Faris a 1905, ita ke tsara dokokin gasar, kuma rukunin masu alkafura da jirgi shi ake kira F2B.

To, abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne, wannan linzami ba ya da iko a kan gudu. Hawa da sauka kaɗai ya sani. Da zarar an saki jirgi, mai shi ba ya iya ƙara masa wuta, ba ya iya ragewa, ba ya kuma iya kashe shi. A zamanin ƙananan injuna masu shan mai, dabarar mai sauƙi ce: a auna man da zai isa minti shida a ɗura, in ya ƙare inji ya mutu, jirgi ya sauko. Da injin lantarki ya shigo wasan a farkon shekarun 2000, sai wannan dabara ta faɗi, gama batir ba a barinsa ya ƙare ƙaf. Tilas a yanke kome da kome tun jirgi yana ƙasa. Wanda ya yi kuskure a nan, jirgin da ya yi wata shida yana sassaƙawa zai koma itacen hura wuta cikin daƙiƙa ɗaya.

ABUBUWA HUƊU A CIKIN JIRGIN

Abin da ke cikin hancin jirgin huɗu ne: batir, da injin lantarki mai juya farfela, da na'urar daidaita gudu wadda masu sayarwa ke rubuta wa ESC, da kuma wani ɗan agogon lantarki wanda bai kai akwatin ashana ba.

Injin irin na zamani ne, mai wayoyi uku, ba ya da gawayin nan da ke cinyewa a cikin tsofaffin injuna. Saboda haka in an haɗa shi da batir kai tsaye ba zai juya ba. Na'urar gudu ce ke karɓar wuta daga batir tana rarraba ta a wayoyin nan uku bi da bi, sau dubbai a cikin daƙiƙa, ta haka maganaɗisun da ke jikin injin ke bin wutar yana zagayawa. In aka gwada aka tarar farfela tana juyawa baibai, ba abin damuwa ba ne, sai a musanya kowaɗanne biyu daga cikin wayoyin ukun, shi ke nan.

Ita wannan na'ura asalinta don jirage masu rediyo aka ƙera ta, tana jiran umurni ne daga rediyo. Umurnin kuwa ɗan bugun wuta ne da ke zuwa wajen sau 50 a daƙiƙa. In tsawon bugun kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa, ma'anarsa "tsaya". In kashi biyu ne, ma'anarsa "ba da wuta duka". Da yake jirgi mai linzami ba ya da rediyo, sai ɗan agogon nan ya hau kujerar rediyon yana aika wannan bugu. Na'urar ba ta san bambanci ba. Ita ce ma ke ciyar da agogon da wuta bolt 5 ta wata 'yar waya mai baki uku, kuma sa wannan waya baibai na daga cikin kuskuren da sababbin shiga suka fi yi.

Tun kafin a taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan, doka ta fari ita ce a kwance farfela a ajiye gefe. Injin mai, in farfelarsa ta bugi yatsa, yakan mutu. Injin lantarki ba ya mutuwa, ƙara jan wuta yake yi ya sake sara. Kuma ba ya gargaɗi, yana zaune shiru kamar ba rai sai kawai ya tashi.

GWAMNA, AMMA BA NA JIHA BA

Inda aikin yake da gaske shi ne wajen abin da ake kira gwamna. Duk makanikin da ya taɓa kwance janareta ya san wannan suna: shi ne abin da ke riƙe inji a kan gudu ɗaya, in kaya ya yi nauyi ya ƙara mai, in ya yi sauƙi ya rage. Na'urorin gudu masu kyau suna da irinsa a ciki, ba na ƙarfe ba, na lissafi. Kamfanin Castle Creations na Amurka har wani tsari na musamman ya sa a cikin na'urorinsa domin jirage masu linzami, inda mutum zai haɗa na'urar da kwamfuta ya rubuta adadin juyin da yake so.

Dalilin bukatar gwamna biyu ne. Na farko, batir yana raguwa. Kowane ɗaki na batirin lithiyam yana fara aiki da bolt 4.2 in an cika shi, sa'an nan ya yi ta sauka. In ba gwamna, jirgi zai tashi da ƙarfi kamar angarma, kafin minti biyar ya koma kamar jakin da ya kwana bai ci ba. Abin haushi kuwa, alkafura mafi wuya a ƙarshen jerin suke, irin su zanen takwas a saman kai da zanen ganye mai kunne huɗu wanda ake rufewa da shi. Na biyu, jirgin da ke hawa tsaye yana bukatar ƙarin ƙarfi, wanda ke gangarowa kuma yana bukatar a riƙe shi. Direban kirki haka yake yi a tudu da gangare ba tare da an gaya masa ba.

Me zai faru in ƙarfi ya gaza a sama? Abin da ke riƙe wayoyin nan a miƙe gudun jirgin ne, kamar yadda dutsen majajjawa ke jan igiyarsa. In gudu ya ragu lokacin da jirgi ke daidai bisa kan mai shi, wayoyi su yi sako-sako, linzami ya zama banza, jirgi ya faɗo cikin da'ira, wani lokaci ma kan mai riƙe da shi.

Amma gwamna ba ya ba da abin da ba ya da shi, kuma nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Kowane inji an rubuta masa wata lamba a jiki, wadda ke nuna sau nawa zai juya a minti a kan kowane bolt ɗaya in ba a ɗaura masa kome ba. A ce lambar 900 ce, batir kuma mai ɗaki huɗu ne, watau bolt 14.8. In an ninka, iyakar juyinsa 13,320 ke nan a minti. Mai hankali ba zai nemi kusa da wannan ba. Zai tsaya wajen 9,500, kimanin kashi 71 cikin ɗari, domin gwamna ya sami abin da zai ƙara in an zo hawa, ko batir ya fara gajiya. Wanda ya nemi 12,500 daga wannan inji, ya naɗa gwamna ne ya hana shi baitulmali.

Akwai kuma wata tambaya da na'urar ke yi: maganaɗisu nawa ne a cikin injin? Da wannan take ƙirga juyi. Yawancin injunan da ake sa wa irin waɗannan jirage 14 gare su, amma ba duka ba, gara a duba takardar injin ko a leƙa a ƙirga. In an gaya mata ƙarya, ita ma lissafin ƙarya za ta yi, a rubuta 9,500 a sami wani abu dabam.

Ba kowa ne ke sayen na'ura mai tsada ba. Keith Renecle na Afirka ta Kudu ya ƙera agogon da gwamnan ke cikinsa, yana jin juyin inji ta wata waya da aka liƙa a ɗaya daga cikin wayoyin ukun, don haka yana aiki da na'urar gudu mai araha. Igor Burger na ƙasar Silobakiya kuwa ya wuce nan. Agogonsa yana da abin da ke jin motsin jirgin kansa, yana ƙara wuta da rage ta gwargwadon halin da jirgi ke ciki. Da jirgin lantarki ya ci gasar duniya ta F2B a Bulgeriya a 2012, abin da ya rufe bakin masu cewa lantarki wasan yara ne.

BIRKI DA TSARON BATIR

Sauran abubuwan da ake daidaitawa ba su kai gwamna wahala ba, amma kowanne da ranarsa. Birki ana kunna shi, domin in wuta ta yanke farfela ta tsaya cik, kada iska ta yi ta wana ta tana ja wa jirgi baya. Alƙalan gasa ma da tsayayyar farfela suke son ganin sauka. Akwai kuma tsaron da ke kashe inji in farfela ta daki ƙasa. Wannan kada a yi wasa da shi: mai jirgi yana can tsakiyar fili, nisan mita 20, agogo kuwa bai san an faɗi ba, yana ta cewa a ba da wuta. Kafin mutum ya sheƙo, kwayil ya ƙone, na'ura ta yi hayaƙi, in an yi rashin sa'a batir ya kama. Wutar batirin lithiyam kuwa ba ta da daɗin kashewa.

Na'urar tana da wani tsaro kuma, mai rage wuta in ɗakin batir ya sauka wajen bolt 3. Amfaninsa kare batir ne, amma gwanaye ba sa barin magana ta kai gare shi, domin shi bai san ko jirgi yana kife ne a lokacin ba. Agogo ne ya kamata ya kashe inji, da sauran wuta a batir. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada a sha fiye da kashi 80 cikin ɗari. Batir mai miliamfa 2,700, in an dawo aka sa shi caji ya karɓi 2,000, an sha kashi 74, lafiya lau. In ya karɓi 2,500, to, a rage lokaci ko a sake farfela.

Zafi ma abokin gaba ne. A sa na'urar inda iska ke ratsawa, ƙofar fitar iska kuma ta fi ta shiga girma. Wayoyin da ke tsakanin batir da na'ura kada a ƙara musu tsawo barkatai, gama hakan na wahalar da kwandansan da ke bakinta. In tilas sai an ƙara, a ƙara a ɓangaren inji.

RANAR GWAJI

Agogo abu uku ake gaya masa: jinkirin farko, da tsawon tafiya, da gudu. Jinkirin, wajen daƙiƙa 30, shi ne ke ba mai jirgi damar danna maɓalli ya taka zuwa tsakiyar fili ya sa hannu a mariƙi, ya zura igiyar tsaro a wuyan hannunsa. Duk wannan lokaci wani yana riƙe da jirgin, tun daga sa'ad da aka haɗa batir. Dokar F2B ta ba mutum minti 7 ya tashi ya gama ya sauka, don haka masu gasa kan sa inji ya yi aiki wajen minti biyar da rabi. Amma a tashin fari minti ɗaya ko biyu ya isa. In wani abu bai yi daidai ba, minti biyar na juyi da jirgin da ba ya jin linzami doguwar tafiya ce.

Filin kuwa a dube shi da kyau. Wayoyin linzami ƙarfe ne, dokar gasa ta yarda tsawonsu ya kai mita 21.5. In suka kusanci wayar wutar lantarki ta kan titi, ajali ne. Haka kuma in hadari ya taso da walƙiya, a naɗe kaya.

Sa'an nan sai agogon hannu ya yi hukunci. Wani ya tsaya gefe yana auna daƙiƙa nawa jirgi ke yi kafin ya kewayo sau ɗaya. Da'ira mai nisan mita 20 daga tsakiya, kewayenta wajen mita 126 ne. Jirgin da ya kewaye ta cikin daƙiƙa 5.2, wanda shi ne kusan abin da masu alkafura ke so, yana gudun kilomita 87 a awa ke nan. In ya yi 4.8, ya cika sauri, hannu ba zai iya zana kusurwa da kyau ba. In ya yi 5.7, wayoyi za su yi laushi a sama. Sai a sauko a ƙara ko a rage juyi 100, a sake tashi, abu ɗaya tak ake canzawa kowane karo, a rubuta a littafi. Yawancin agogunan sukan ɗan girgiza gudun inji 'yan daƙiƙoƙi kafin su kashe, domin mai jirgi ya daidaita shi ya shirya sauka. Jirgi na tsayawa a ƙasa, mataimaki zai je ya cire batir, ya kuma ɗora yatsa a kan inji da na'ura. In zafin bai bar yatsa ya zauna ba, da sauran gyara kafin a sake tashi.