Numfashin Tsohuwar Fijo 504

A shekarar 1975 Peugeot 504, wadda aka fi sani da Fijo, ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, a shekarar kuma aka fara harhaɗa motocin kamfanin a Kaduna. Mai farfaɗo da irinta a gida yakan fara da fenti, alhali kuwa ciwon yana kafireto. Nan ake gauraya iska da fetur, kimanin kilo 15 na iska ga kowane kilo ɗaya na mai. Ƙurar da manyan motoci ke tayarwa a hanyoyin Sharada da Challawa, musamman da hunturu, takan toshe matatar iska. Sai mai ya rinjayi iska, fulogi ya yi baƙi, salansa ta dinga aman hayaƙi. Sabuwar matata kuwa a Ƙofar Ruwa ake nemanta.