Ranar da mutum biyu suka ci nasara a fage ɗaya

A shekara ta 80 miladiyya, Sarki Titus ya buɗe katafaren filin wasa na birnin Rum, wanda ake kira Kolosiyum a yau. Mahaifinsa Basfasiyan ne ya aza harsashin ginin da ganimar da aka kwaso daga Kudus. Titus kuwa yana matuƙar bukatar abin da zai faranta ran talakawa, domin a shekarar da ta gabace ta dutse ya yi aman wuta ya binne garin Fomfei, ga gobara ta ci Rum kwana uku, ga annoba. Sai ya sa aka yi kwana 100 ana shagali, aka kashe dabbobi wajen 9,000.

Cikin waɗannan kwanaki aka fito da wasu mayaƙan fage biyu, Firiskus da Berus, don su gwabza da juna.

Masu irin wannan sana'a galibinsu bayi ne, ko fursunonin yaƙi, ko waɗanda shari'a ta yanke wa hukunci. A idon doka ba su da mutunci ko na anini. Sha'ir da wake ake ciyar da su. Amma da zarar sun taka yashin fage, sai ka ga manyan gari suna kiran sunansu har murya ta dishe. Rumawa sun raina mutumin, suna kuma son su ga yadda zai fuskanci mutuwa ba tare da ya ƙifta ido ba.

Ƙa'idar ranar ita ce a ci gaba da fafatawa har sai ɗaya ya ɗaga yatsa, alamar ya sallama. Aka gwabza, aka daɗe, babu wanda ya ja da baya. Ƙarfi ya zo ɗaya, taurin kai ma haka. 'Yan kallo, a filin da ke ɗaukar mutum kusan 50,000, suka kaure da ihu a sallami mazajen nan haka nan. Titus ya ƙi, tunda shi ya kafa dokar. Abin da ya yi kawai, ya riƙa aika musu da kyaututtuka suna tsakiyar fage. Kyauta ga mutumin da jini ke zuba a jikinsa, wannan sai Rumawa.

Can dai, su biyun suka sallama a lokaci guda. Canjaras ba baƙon abu ba ne a fagen, akan sallami mutum biyu su tafi ba wanda ya ci. Titus bai yi haka ba. Ya aika wa kowannensu reshen dabino na mai nasara, ya haɗa da takobin katako, shaidar cewa mutum ya gama da fage har abada.

Mawaƙi Marshiyal, wanda ya rubuta labarin don yabon sarki, ya ce ba a taɓa yin haka a zamanin wani sarki ba. Titus bai daɗe yana cin wannan yabo ba, ya rasu a watan Satumba na shekara ta 81.