Kekenka Na Jingine a Zaure? Ka Kakkaɓe Shi

'Yan uwa ɗalibai, tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, kuɗin abin hawa ya gagari gidaje da yawa. Wasunmu sun koma takowa da ƙafa, su iso a gajiye an rufe ƙofa. Alhali a zaurukanmu akwai tsofaffin kekuna, irin su Raleigh da Phoenix na iyayenmu, ƙura ta lulluɓe su. Me ya hana mu hawa? Yawanci kunya ce, wai keke na talaka ne. To mu yi lissafi.

Mai tafiya a ƙasa yakan ci kamar kilomita 5 a awa ɗaya. Mai keke, ba tare da wahalar da kansa ba, yakan ci kamar 15. Ke nan idan tsakanin gidanku da makaranta kilomita 5 ne, tafiyar awa guda ta koma minti 20. Kuɗin da kake ba mai adaidaita sahu kullum kuwa, ka tara na mako ɗaya ka gani ko bai sayi littafi ba.

Ga kuma lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk mai shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a kowace rana. Zuwa da dawowa a wancan nisan ya ba ka minti 40. Tuƙa keke yana ƙarfafa zuciya da huhu da cinyoyi, kuma ba ya dukan gwiwa kamar gudu, domin sirdi ne ke ɗauke da nauyinka.

Idan ba ka taɓa hawa ba, nemi fili marar motoci, kamar filin ƙwallo. Sauke sirdi yadda ƙafafunka za su taɓa ƙasa, ka riƙa tura keken da su har ka iya daidaita jikinka, sannan ka ɗora ƙafa a feda. Ka koyi taka birki kafin ka koyi gudu.

Idan kuma ka daɗe ba ka hau ba, jiki bai manta ba, amma ƙarfin ya ragu. Fara da minti 10, kana ƙarawa a hankali. Cinya za ta yi tsami kwana biyu ko uku, sannan ta saki. Sannu ba ta hana zuwa. Kafin nan, kai keken wurin mai gyara ya duba birki da taya, ya sa wa sarƙa mai. Ya ɗaga maka sirdi yadda ƙafarka za ta kusa miƙewa idan feda ta sauko ƙasa. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke sa ciwon gwiwa.

A titi, ka bi hannun dama, ka miƙa hannu kafin ka juya, kada ka toshe kunne da waƙa. Tattare ƙafar wando, ke kuma 'yar uwa ki kula da bakin hijabi, kada sarƙa ta kama. Lokacin bazara kada a manta da gorar ruwa.

Tun 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya. Mu ba sai mun jira ranar ba. Asabar ɗin nan a nemi izinin Baba, a fito da keken, a ba shi iska. Mu haɗu a ƙofar makaranta ranar Litinin, kafin a buga ƙararrawa.