Ma'aunin Soja A Jikin Farar Hula

Duk wanda yake zaune a arewacin kogin Kaduna, maƙwabcin soja ne, ko ya so ko ya ƙi. Ga hedkwatar Runduna Ta Ɗaya wajen Kawo, ga barikin Ribadu inda Makarantar Horar da Hafsoshi, watau NDA, ta fara zama a shekarar 1964, ga kuma sabon mazauninta can Afaka, bayan Mando. In ka miƙe hanyar Zariya sai Jaji, daga nan sai Daffo, inda ake horar da kurata tun 1924. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da samarinmu, har da waɗansu magidanta, suka mai da gwajin ƙarfi na soja ya zama abin da suke auna kansu da shi. Da asuba za ka gan su a Dandalin Murtala da gefen titin Ali Akilu, wani yana shirin neman shiga soja, wani kuwa tumbi ne kawai ya dame shi.

Mu dai a ganinmu wannan sha'awa tana da kyau, domin ma'aunin soja yana da lissafi. Gwajin da masu neman shiga suka fi tsoro shi ne gudun kilomita 3.2, watau mil 2, wanda ya yi daidai da zagaya filin tsere na Filin Wasa na Ahmadu Bello sau 8, tun da yake kowane zagaye mita 400 ne. Mutumin da ya ce "ina motsa jiki" ba ya iya faɗa maka ko ya ci gaba ko bai ci ba, amma wanda ya ce "watan jiya zagaye 5 nake yi in tsaya, yanzu ina yin 7" ya san inda yake. Akwai ma wani gwaji mafi sauƙi wanda Kenneth Cooper, likita a rundunar sojan sama ta Amurka, ya fito da shi a 1968: ka yi gudu na minti 12, ka auna nisan da ka ci, ka rubuta. Bayan wata guda ka sake. Agogo da ɗan littafi, iyakar kayan aikin ke nan.

Shi kuwa tseren shingaye, inda ake haura katanga, a hau igiya, a yi rarrafe ƙarƙashin waya, a tsallake rami, yawancin tsarinsa ya samo asali ne daga wani hafsan sojan ruwa na Faransa mai suna Georges Hébert. A 1902 dutse ya yi aman wuta a tsibirin Martinik ya hallaka gari guda, shi kuma yana cikin waɗanda suka yi aikin ceto. Abin da ya gani ya sa ya tsai da ra'ayi cewa ƙarfin da ba zai ɗauki mai rauni ko ya haura da shi katanga ba, ƙarfin ado ne. Daga baya farar hula suka mai da abin wasa: a Ingila an fara gasar Tough Guy a 1987, a Amurka kuma Spartan Race da Tough Mudder suka fito a 2010. Har ma an tsai da shawara cewa a wasannin Olamfik na 2028 a Los Angeles, tseren shingaye zai maye gurbin sukuwar doki a gasar nan mai wasanni 5.

To, amma 'yan'uwa, a nan ne ya kamata mu tsaya mu yi magana. Gwajin soja rariya ce. An tsara shi ne domin a tace dubban samari masu shekara 18 zuwa 22 a fitar da kaɗan, kuma kafin a ce su ruga sai an duba lafiyarsu, ga masu jiyya a gefen fili. Dattijon ikilisiya mai shekara 50 wanda ya shekara 20 bisa kujerar ofis, in ya tashi rana ɗaya ya ce zai kama lokacin ɗan shekara 19, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Hawan jini ba ya sallama, mutane da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba. Awon jini na 'yan mintoci a ɗakin shan magani shi ne shinge na fari da ya kamata a tsallake.

Su ma samarin akwai abin da ba a cika faɗa musu ba. Kusan mutum 1 cikin 4 a Nijeriya yana da rukunin jini AS, watau yana ɗauke da ƙwayar sikila ko da yake shi lafiya lau yake. Bincike a kan sojojin Amurka ya nuna masu AS sun fi saurin samun lalacewar tsoka in aka matsa musu da gudu mai tsanani cikin zafi ba tare da isasshen ruwa ba. Wannan bai hana su wasa ba, sai dai ya wajaba su san jininsu, su sha ruwa, su hau a hankali. Zafin Maris da Afrilu a Kaduna kuwa ba sai mun ba kowa labari ba. Sannan ga masu haɗiyar taramol kafin gudu wai don kada su ji gajiya. Gajiya ai ita ce ƙararrawar jiki, wanda ya tsinke igiyarta sai dai a ɗauke shi.

Har ila yau, a bambanta horo da gwale-gwale. Tsallen kwaɗo da birgima cikin taɓo da muke gani ana sa kurata, ladabtarwa ce ta bariki, gwiwar yaro ɗan shekara 12 ba ta buƙatarsu. Muna faɗar haka musamman ga shugabannin ƙungiyar Boys' Brigade, wadda William Smith ya kafa a Gilasgo a 1883 da fareti a tsakiyar tsarinta. Waɗansu daga cikin hafsoshinta a majami'unmu sun fi kofur na gaske zafin hannu.

Wanda zai fara, ya fara da tafiya mai sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, watau minti 30 sau 5. In jiki ya saba, sai a riƙa haɗa sassarfa ta minti 1 da tafiya ta minti 2, ana ƙara tsawon sassarfar mako bayan mako har a iya zagaye 8 ba tsayawa. Sai a lokacin ne za a fara duba agogo. Mata ma suna ciki, domin tun 2011 NDA ta fara ɗaukar 'yan mata. Shingaye kuma ba sai an leƙa bariki ba, filin soja ba wurin gwada sa'a ba ne: tsofaffin tayoyi daga Fanteka, da benci, da igiya mai kauri a reshen mangwaro sun isa a harabar majami'a ranar Asabar. Mai son gasa ta gaske, Kaduna ta yi tserenta na kilomita 21 a Nuwamba 2020, wanda ya fi gwajin sojan tsawo sau 6 da ɗoriya.